Baƙi daga sama sun sauka a Tafkin Chadi: wa ya naɗa su alƙalai?

Wata yarinya daga Kusiri a arewacin Kamaru, 'yar ajin ƙarshe a lise, wato babbar sakandare, ta aiko min da wannan: "Baba Malam, barka da hutawa. Ina rubuta ƙagaggen labarin kimiyya da Hausa. Wasu halittu daga wata duniya sun sauka a bakin Tafkin Chadi, suka tarar mutane sun kashe shi. Sai suka ba mu kwana 40, ko mu gyara halinmu, ko su karɓe ƙasar su mayar da tafkin yadda yake a da. Kimiyya ta yarda da haka? Kuma su ne da gaskiya? Kawuna ya ce duk shirme ne, ƙila ma saɓo."

Barka kadai, 'yata, Allah ya yi miki albarka. Shekara 31 na yi ina koyar da kimiyyar halittu tsakanin Yagwa da Marwa, kuma tun ina saurayi nake karanta irin waɗannan labarai da Faransanci, ina jin haushin cewa kullum kumbon baƙin a Amurka yake sauka, kamar mu Allah bai shimfiɗa mana fili ba. Saboda haka kin burge ni. Sai dai kin yi gaggawar naɗa wa baƙinki rawanin alƙali, kuma a nan ne zan daɗe.

Batun kawunki ba zai ɗauke mu lokaci ba. Ni ba malamin fatawa ba ne, ki kai tambayar inda ta dace. Abin da na sani, aya ta 29 a Suratus Shura ta ambaci halittar sammai da ƙasa da abin da Allah ya watsa a cikinsu na dabba, kuma malamai sun yi magana a kanta. Ta fuskar kimiyya kuwa, har yau ba a samu ko ƙwayar halitta guda mai rai a wajen duniyarmu ba, duk da an tabbatar da duniyoyi fiye da 5,000 da ke kewaya wasu taurari, tun daga 1995 da aka fara gano ɗaya a jikin tauraro irin ranarmu. Ke ba cewa kika yi sun zo ba. Cewa kika yi "da a ce sun zo". Gizo ma bai taɓa zuwa fadar sarki ba, amma babu wanda ya hana kakarki tatsuniya. Ki gaishe da kawu, ki ce na ce ya yi haƙuri ya karanta babi na farko.

To, mu zo kan hanya, don ita ce za ta ba ki abin da labarinki bai samu ba tukuna. Haske yana isowa gare mu daga rana cikin minti 8 da 'yan daƙiƙu. Daga tauraron da ya fi kusa da mu bayan rana, wanda ake kira Proxima Centauri, sai ya yi shekara 4 da 'yan watanni. Kumbon Voyager 1 da aka harba a 1977 yana cin kilomita 17 a kowace daƙiƙa, wato kafin ki gama alwala ya yi nisan da ya fi daga Kusiri zuwa Duwala, amma da wannan gudun zai yi sama da shekara 70,000 kafin ya cinye tazarar da ke tsakaninmu da wancan tauraro. Ko kin ba baƙinki kumbon da ya ninka wannan sau goma, tafiyarsu ta dubban shekaru ce. Ma'ana, duk labarin da suka taso da shi game da ƙasarmu ya tsufa kafin su iso.

Yanzu ki riƙe wannan, ki tambaye su: "yadda yake a da" ɗin, wane da?

Kowa ya san hotunan nan biyu da ake jerawa. Na farko tafkin farkon shekarun 1960, murabba'in kilomita wajen 25,000. Na biyu na tsakiyar shekarun 1980, ya koma ƙasa da 2,000. Tsakaninsu akwai farin 1973, lokacin da tafkin ya rabu gida biyu, kudu da arewa, da kuma farin 1984. Babban abin da ya jawo haka ƙarancin ruwan sama ne a can kudu inda kogunan Shari da Logon ke tattaro ruwansu, domin kusan kashi 90 cikin 100 na ruwan da koguna ke kai wa tafkin ta ƙofar gidanku yake wucewa, inda kogunan biyu suka haɗu. Noman rani ya ƙara nasa, amma ba shi ne uban tafiyar ba. Kuma tafki ne marar zurfi, faranti ne ba tulu ba: ruwa ya ragu da mita ɗaya, gaɓa ta ja da baya kilomitoci.

Amma kafin wannan akwai wani tafkin. Shekara 6,000 zuwa 7,000 da suka wuce, ruwan ya mamaye fiye da murabba'in kilomita 300,000. Tudun yashin nan da ya miƙe daga Limani zuwa Yagwa ya ƙetara Bongor, tsohuwar gaɓarsa ce. Na sha tsayar da ɗalibaina a kansa in ce musu su juya gabas da arewa, duk abin da idonsu ya kai ruwa ne a wancan zamani. Kusiri da Njamena suna ƙarƙashin ruwan da ya haura mita 20. Ba gatari ne ya busar da wancan tafkin ba, ba famfon ban-ruwa ba. Yadda duniya ke karkata tana kewaya rana ne ya sauya sannu a hankali, damina ta ja da baya zuwa kudu. Kin ga inda na dosa? A ce baƙinki sun aiko ɗan leƙen asiri a wancan lokaci, ya koma musu da hoton teku a tsakiyar Afirka, suka ɗaura niyya suka taso. Sun iso, sun tarar da fadama da gonakin masara, sun yanke hukunci cewa mu muka sha ruwan. Alƙalin da ya zo da tsohuwar takarda ya fi wanda ya san komai daɗin karantawa nesa ba kusa ba. Kuma in suka cika alkawarinsu na mayar da shi yadda yake, gidanku ne farkon nutsewa.

Ko na yau ma, hangen Dala ba shiga birni ba ne. Tun daga shekarun 1990 ruwan ya ɗan farfaɗo, yana cika yana janyewa gwargwadon damina, kuma da yawansa yana kwance ƙarƙashin ciyawa, inda tauraron ɗan Adam ba ya saurin gane shi a matsayin ruwa. Inda ya janye kuma ba kufai ya bari ba. Ki tambayi mutanen Darak da Bilanguwa: mutum ɗaya masunci ne in ruwa ya zo, manomin masara da wake in ya koma, ga shanu suna bin ɗanyar ciyawa a baya. Shi ya sa duk lokacin da aka tada zancen Transaqua, shirin nan da wani kamfanin Italiya ya zana fiye da shekaru 40 da suka wuce na haƙa hanyar ruwa mai kilomita 2,400 daga rassan Kogin Kwango zuwa Shari, wanda aka sake tattaunawa a taron Abuja na 2018, nakan tambayi kaina gonar wa za ta fara nutsewa, kuma an tambaye shi ko ba a tambaye shi ba.

Bari in ba ki labarin ranar da ni na zama baƙon. Ni haifaffen Garwa ne, ɗan unguwar Hausawa, ban san fadamar Logon ba sai da aiki ya kai ni. Wata ranar hutu cikin watan Afrilu na hau babur na nufi wajen Pus, na ga yayre, kamar yadda Fulani ke kiran wannan shimfiɗaɗɗiyar fadama. Ƙasa baƙa, ta dare har hannu yana shiga, babu ganye ko ɗaya, iska kamar daga bakin tanda. Ranar Litinin na shiga aji da ƙarfin gwiwa na ce wa yara ga misalin matacciyar ƙasa, ga yadda hamada ke cin mu. Babu wanda ya tanka. Bayan kwana biyu wani yaro ɗan ƙabilar Musgum, wanda bai cika magana ba, ya shigo da dunƙulen busasshen laka kamar kan jariri, naɗe cikin tsumma. Ya ce, "Malam, a ba ni daro da ruwa." Aka kawo. Ya saka dunƙulen a ciki ya koma ya zauna. Muka ci gaba da darasi. Can wajen ƙarshen awa ta biyu laka ta saki, sai ga wani abu ya motsa, ya warware kansa daga wata fatar da ta lulluɓe shi kamar takarda, ya ɗago baki saman ruwa ya shaƙi iska. Gaiwa ce. Tun da ruwa ya janye ta haƙa rami ta naɗe, ta bar 'yar kafar numfashi, tana cin jikinta kamar yadda Hausawa ke faɗa, tana jiran damina. Na san ta a littafi, har sunanta na Latin na haddace. Amma na tsaya a kanta da takalmina na ce babu mai rai a wurin. Yaron bai yi dariya ba, sauran ne suka yi, kuma sun yi gaskiya.

Abin da na yi da baki, an yi shi da manyan motoci a wannan fadamar. A 1979 aka gina madatsar Maga domin noman shinkafar kamfanin gwamnati mai suna SEMRY, aka kuma yi jinga a gefen Logon. Niyyar ba mugunta ba ce, abinci ake nema bayan yunwa, kuma har gobe akwai gidajen da shinkafar nan da kifin tafkin Maga ke riƙe da su. Sai dai ambaliyar da ke shiga yayre kowace shekara, wadda mai kallo daga nesa zai ɗauka ruwa ne ke tafiya a banza, ita ce ran wurin. A cikinta kifi ke ƙyanƙyasa, ita ke raya burgu da sauran ciyayin da shanu ke ci da rani, ita ke shayar da namun dajin Waza. Da aka tare ta, ga fari kuma ya zo ya haɗu, ɗaruruwan murabba'in kilomita suka daina samun ruwa. Ciyawa mai saiwa ta mutu, marar amfani ta maye gurbinta, masunta Kotoko da Musgum suka rasa kamu, makiyaya suka canja hanya. Sai a 1994 aka buɗe wata tsohuwar hanyar ruwa da aka toshe, ambaliya ta koma wa fili kusan murabba'in kilomita 200, kuma ciyawar kirki ta ɗauki shekaru kafin ta dawo. Garin neman gira aka taɓa ido.

In kin lura, a duk wannan babu azzalumi mai jajayen idanu. Ki buɗe Suratun Namli, aya ta 18, ki ji abin da tururuwa ta gaya wa 'yan'uwanta da rundunar Annabi Sulaiman ta doso: ku shiga gidajenku, kada Sulaiman da rundunarsa su tattake ku alhali ba su sani ba. Tururuwar ba ta zarge su da ƙeta ba. Girman ƙafa ta ji wa tsoro, da rashin sanin abin da ke ƙarƙashinta. A ganina duk wanda zai rubuta haɗuwar farko tsakanin halittu biyu, ɗaya mai ƙarfi ɗaya marar ƙarfi, daga wannan ayar ya kamata ya fara tunani. Kuma ki lura da abin da ya biyo baya: ya ji maganarta. Tambayar da za ta riƙe labarinki ke nan, ko baƙinki suna da kunnen jin tururuwa.

Akwai kuma abin da baƙo ke ɗauke da shi bai sani ba. A wajen 1887 sojojin Italiya suka shigo da shanu ta tashar Massawa a bakin Bahar Maliya. Cikin shanun akwai ciwon bushiya. Kafin 'yan shekaru ya ratsa Sudan ya iso ƙasashenmu, a wurare da yawa ya kashe tara cikin kowace saniya goma, ya haɗa da ɓauna da raƙuman dawa. Fulanin da suka kwana da garke suka tashi da sanda kawai. Turawan da suka yi yaƙin Kusiri da Rabe a 1900 sun tarar da ƙasar da cutar ta riga su yi wa illa. Sai a 1962 aka fara gangamin rigakafi na haɗin gwiwa a nan yankin tafki, tsakanin Kamaru da Chadi da Nijar da Najeriya, kuma sai a 2011 aka bayyana cewa an kawar da cutar daga duniya. Shekara 120 da ɗoriya ana biyan bashin jirgin shanu.

Masu harba kumbo sun ɗauki wannan darasi da gaske, kuma a nan ne mu 'yan Adam muke zama baƙin. Yarjejeniyar sararin samaniya ta 1967, a sashe na 9, ta ɗora wa ƙasashe nauyin kauce wa gurɓata sauran duniyoyi, da kuma kauce wa kawo abin da zai cutar da tamu. Mutanen Apollo 11 da suka dawo daga wata a 1969 an killace su har suka cika kwana 21, kodayake an buɗe ƙofar kumbon a tsakiyar teku kafin a kai su ɗakin killacewar, wanda ya nuna miki yadda doka ke yi in ta haɗu da gaggawa. Kumbunan Viking biyu da suka sauka a Mirriku, wadda 'yan boko ke ce wa Mars, a 1976, sai da aka gasa su cikin tanda da zafin da ya haura digiri 110 kafin a harba su. Wanda ya fi taɓa ni shi ne kumbon Cassini. Shekara 13 yana kewaya Zuhal, wato Saturn, shi ya gano ruwa na feshi daga ƙarƙashin ƙanƙarar wani ƙaramin watanta mai suna Enceladus. Da mansa ya kusa ƙarewa, ranar 15 ga Satumba 2017, da gangan aka tura shi cikin iskar Zuhal ya ƙone, don kada wata rana ya faɗa kan wancan watan da ƙwayoyin halittar da ƙila suka maƙale masa tun daga nan. An sadaukar da na'urar da ta ci dukiya mai yawa saboda maƙwabcin da ba a ma tabbatar yana nan ba. Idan mu, da duk halinmu, mun kai ga wannan, halittun da suka ƙetare taurari ba za su faɗo bakin tafki su buɗe ƙofa su fara wa'azi ba. In kuwa suka yi, to sun tona wa kansu asiri, kuma ya kamata wani a cikin labarin ya faɗa musu. Ƙaramin gyara ta fuskar kimiyya: da wuya ƙwayar cutarsu ta kama mu kamar mura, don irin waɗannan sai jikin da suka saba da shi. Abin tsoro shi ne wani abu mai kama da gansakuka ko ciyawa, wanda zai sami ruwa da ɗumi ya bazu, babu mai cinsa.

Kada ki ɗauka ina cewa duk baƙo annoba ne. Inuwar da ke rufe titunan Marwa ta dalbejiya ce, asalinta Indiya. Masara da rogo da gyaɗa da barkono duk daga nahiyar Amurka suka zo, yau wa zai raba mu da su? Mu kanmu Hausawan Kamaru da Chadi fatauci da almajiranci da hanyar Makka suka kawo kakanninmu, aka ba su masauki. Bambancin yana wajen yadda aka shigo da wanda aka yi wa sallama.

Kada kuma ki wanke mu tas, don labarin zai zama kuka. Ki ba baƙin tuhuma guda wadda ba mu da amsarta. Ga ta: baƙin karkanda na yammacin Afirka. Wurin da ya rage masa a duk duniya shi ne dazuzzukan arewacin Kamaru. An bi sawunsa a 2006 ba a ga ko ɗaya ba, a 2011 aka bayyana ya ƙare. Ba fari ne ya kashe shi ba, ƙahonsa aka bi. Ga giwayen gandun dajin Buba Njida da aka karkashe ɗaruruwa a farkon 2012. Ga gidan sauro da ake mayarwa koma, ya kwashe kifi har da 'ya'yan da ba su kai yatsa ba. In baƙin suka ajiye ƙahon karkanda a gaban taro suka ce "ina mai wannan?", shirun da zai biyo baya ya fi wa'adin kwana 40 nauyi.

Amma ko a nan, ki sa wani ya tambaye su wa suke nufi da "ku". Matar da ke banda kifi a Darak, wadda ba ta taɓa kunna fanka ba, da mai masana'antar da ke ƙona gawayin ƙasa a Sin ko Amurka ko Turai, ba tukunya ɗaya suka ci ba, bai kamata a miƙa musu kwanon wanki ɗaya ba. Da wa ma za su yi magana? Hukumar Tafkin Chadi da aka kafa a 1964 tana nan ƙetaren gada a Njamena, ga gwamna, ga sultan, ga bulama, ga sojoji, kowa zai ce shi ne mai wurin. Wanda suka zaɓa su gaisar da farko ya riga ya sauya zaman garin, ko ba su ce komai ba. Wannan kaɗai babi ne.

Da ni ke riƙe da alƙalamin, da a watan Afrilu zan saukar da su, tsakiyar yayre, kan busasshiyar laka, don na'urorinsu sun nuna musu nan ne wurin da babu mai rai, ba za su cutar da kowa ba. Kin ga sun yi iya ladabinsu. Zafin saukar kumbon ya gasa ƙasar kamar tukunya, faɗin gona goma. Wanda zai fara isa wurin kuma ba shugaban ƙasa ba ne, yarinya ce da fartanya da ƙwarya, ta zo haƙar gaiwa inda ta saba. Kafin ki rubuta wannan shafin, ki shiga kasuwar kifi ta Kusiri da sassafe, ki sami tsohuwar da ta fi daɗewa a wurin, ki gaishe ta da kyau, ki tambaye ta yadda ake gane ramin gaiwa daga sama da kuma irin ƙarar da take yi in an fasa mata ɗaki. Ki rubuta da kalmominta. In babin ya kammala ki turo min, ina nan Marwa har bayan Sallah.